Tuwo, shinkafa ko taliya: wanne ya fi riƙe gida da daddare?

Da an idar da sallar La'asar, tambaya ɗaya ce ke jiran uwar gida: me za a ɗora? A gidanmu mu tara ne, ni da maigida da mahaifiyarsa da yara biyar da ƙanwata da ke karatu a wurinmu. Kafin 2023 ban cika zama in yi dogon lissafi ba, abin da ke sito shi ake ɗorawa. Daga ranar 29 ga Mayun wannan shekarar da aka janye tallafin man fetur, sannan aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin cefanen da ke kai mu Juma'a ya koma ƙarewa tun Laraba. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. A watan Yulin shekarar aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira dubu 70, kuɗin da a lokacin da ƙyar zai sayi buhun shinkafa ɗaya mai kilo 50. Tun daga nan na koma auna abincin dare da idon basira.

Farashi yana hawa yana sauka, abin da aka sayar yau a kasuwar hatsi ta Dawanau ba shi za a sayar mako mai zuwa ba, don haka ba da kuɗin kwano kaɗai nake kwatanta abinci ba. Ina duba baki nawa kwanon zai ciyar, da mahaɗin da abincin ke nema kafin ya ciwu, da wutar da zai ci, da kuma abin da zai bari da safe. Wanda ya tsaya a kan kuɗin awo kawai yakan ɗauka ya yi arha, sai wata ya raba ya ga ba haka ba.

Bari in fara da tuwo. Kwano ɗaya na masara, irin kwanon awon Kano da ake lissafa arba'in a babban buhu, idan aka surfa aka wanke aka shanya aka kai inji, wajen kashi ɗaya cikin biyar yana tafiya a dusa. Garin da ya rage yana yi mana tuwon dare mu tara, kowa ya ƙoshi, a kuma samu malmala biyar ko shida da za su kwana. Mai awo da mudu a Zariya ko Kaduna, da mai awo da tiya a Katsina ko Maraɗi, sai kowa ya juya lissafin zuwa ma'aunin garinsu. Abin da nake so a lura da shi, malmalar nan ce da ta kwana. Da asuba a zuba ruwa kaɗan a tukunya, a jera ta, a ɗumama miyar jiya, yara su ci su tafi makaranta cikinsu da nauyi. Ranar da babu ɗumame sai biredi da shayi, kuma biredin mutum tara da madara da sukari ya fi kuɗin kwanon masarar gaba ɗayansa. Ke nan tuƙi ɗaya ya tsaya wa ci biyu. Babu shinkafar da ke yi mini haka, taliya kuwa ba a ma zancenta.

Sai dai tuwo yana da kuɗin da ba a gani a gaban mai awo. Akwai kuɗin surfe, akwai na niƙa, kuma tun da yawancin injinan unguwa da dizal suke aiki, duk ranar da mai ya tashi niƙa ma ya tashi. Akwai aiken yaro, akwai tankaɗe. Maganin wannan shi ne a niƙa kwano biyar ko shida a tafiya ɗaya maimakon kullum a kai ɗaya. Amma gari yana fitowa daga inji da zafi, idan aka ƙulle shi a bokiti a haka sai ya yi gumi ya yi tsami. A baza shi a tabarma ko babban faranti ya sha iska tukuna. Dusar kuma kada a bar wa mai inji. In akwai kaji ko akuya a gida ta samu wurin zuwa, in babu, masu kiwo suna saye, kuɗinta yakan rage rabin na niƙa.

Tsakanin hatsin ma akwai zaɓi. Masara ta fi haske da laushi, yara sun fi karɓarta, kuma a yawancin shekaru ita ce mai sauƙin kuɗi saboda yawan da ake nomawa a yankin Saminaka da Giwa da Funtuwa da Dandume. Dawa ta fi zama a ciki, ɗumamenta kuma ya fi na masara daɗi nesa ba kusa ba, musamman kaura. Ba ta kuma zubar da dusa da yawa, don ko ba a surfa ta sosai ba tuwonta yana yi. Gero na bar shi ga koko da kunu da fura, saboda masu fura da masu kunu suna ɗaga kuɗinsa, balle in azumi ya matso. Abin da na tsaya a kai shi ne masara biyu dawa ɗaya a niƙa tare, da ɗan alabo kaɗan don tuwon ya yi danƙo ya daina farfashewa idan ya kwana.

Amma tuwo ba ya ciwuwa gaya, kuma a miya ne kuɗin cefane ke tsayawa ko ya zube. A nan ne tuwo ya yi wa sauran nisa, domin manyan miyunsa ba ruwansu da farashin tumatir. Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, duk kayan ajiya ne da za su yi watanni a gwangwani ba su lalace ba. Abin da suke nema daddawa, barkono, albasa ɗaya, gishiri, dunƙule, da ɗan manja ko man shanu a kai. Wanda ya ga abin da ya faru a 2016 ba zai raina wannan ba. A shekarar ce tsutsar nan ta tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har kwandon tumatir ya ninka kuɗinsa sau da yawa, gidaje masu dogaro da jar miya suka rasa yadda za su yi. Ko ba tsutsa, kowace shekara haka abin yake. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin rani na Kadawa da Kura yana cika kasuwannin Kwanar Gafan da Yankaba har ana zubarwa, daga Mayu zuwa Yuli kuma kashi ɗaya sai mai hali. Miyar kuka kuɗinta ɗaya a Fabrairu da Yuni.

Hajiya, mahaifiyar maigida, ita ta gyara mini hannu a wannan miya. Da ina ganin idan babu nama miyar kuka ba ta da armashi, sai in tsallake ta in dafa wani abu mai tsada. Wata rana ta same ni a madafa ta ce, "Ke 'yar nan, miya daddawa ce, nama ado ne. Kawo wake tafi ɗaya." Ta sa na surfa shi na cire ɓawon, aka zuba a ruwan miya tare da daddawar da aka daka da kan busasshen kifi da citta, aka bar shi ya dahu har ya narke, sannan aka kaɗa kuka. Na ce, "Hajiya, ai wannan ta fi mai nama kauri." Tun ranar ban sake yin miyar kuka babu wake ba. Ranar da aka samu sarari, ƙashin miya na 'yan kuɗi kaɗan a wurin mahauci ya isa ya ba tukunya ƙamshin nama. Da damina kuwa ganye ne ke bin mutum har gida, yakuwa da alayyahu da zogale da lalo da ɗanyar kuɓewa, da kaka ga kabewa ta miyar taushe, a sa gyaɗa ta yi kauri.

Shinkafa ita ce abin son yara, ni ma ina sonta. Kwanonta ya kan ninka na masara a kuɗi, wani lokaci ya wuce ninki. Mu tara muna cin abin da ya ɗara rabin kwano a zama ɗaya, kuma tukunyar tana komawa wanke-wanke babu ko ƙanzo. In an tsaya a nan, tazararta da tuwo ba ta kai yadda ake zato ba. Inda take kayar da mutum shi ne mahaɗi. Farar shinkafa tana neman jar miya, jar miya tana neman tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da mai mai yawa, kuma idan aka kawo ta babu ko yankan nama ko kifi kowa sai ya ji wani abu ya ragu. A lissafina, shinkafa da miya ta dare ɗaya tana cin kuɗin tuwo da miyar kuka na dare uku. Sannan ba ta kwana. A garin da wuta ba ta zama balle a dogara da firji, shinkafar da ta kwana a zafi tana iya tara gubar da ɗumamawa ba ta kashewa, ta sa amai da ciwon ciki. Gara a dafa daidai ci. Tuwo ya fi ta jurewa, amma shi ma da bazara, watannin Maris zuwa Mayu, sai an ajiye shi inda iska ke ratsawa, a kuma ɗumama shi har cikinsa ya yi zafi. In ya canja wari ko ya fara yauƙi, a zubar.

Wannan bai sa na kori shinkafa ba, siffarta na canja. Garau-garau shi ne hanyar da talaka ke cin shinkafa bai ji a jikinsa ba. Shinkafa biyu wake ɗaya, wani lokaci rabi da rabi idan wake ya sauka, a soya man gyaɗa da albasa, ga yaji mai ƙuli-ƙuli, in akwai latas ko kabeji ko tumatir ɗaya a yanka a kai. Babu miya, babu nama, kuma ba wanda zai ce an tauye shi. Waken yana ƙara auki, yana riƙe ciki har safe, yana kuma kawo abin gina jiki da shinkafa ba ta da shi sosai. Hatsi da wake idan sun haɗu, abin da ɗaya ya gaza ɗayan yana cikawa, shi ya sa haɗin ya fi kowannensu shi kaɗai amfani ga yaro mai tasowa. Dafa-duka ita ce ta biyu. Kayan miyan da za su yi jar miya ta dare ɗaya suna yin dafa-duka uku, kuma idan tumatir ya yi tsada sai in koma ta manja da daddawa da busasshen kifi da kauɗar da na shanya tun watan Fabrairu.

A wajen saye kuma, tun rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 injinan gyaran shinkafa suka yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, 'yar gida ta samu gyara, akwai wadda ba ka tsintar tsakuwa ko ɗaya a cikinta. Wadda aka gyara a ƙauye ta fi arha amma sai an rege ta da ƙwarya, aikin minti goma ne ga wadda ta iya. Tsohuwar shinkafa ta fi sabuwa auki, sabuwa tana caɓewa, don haka a tambayi mai awo ta yaushe ce. Karyayyar shinkafa kuma, wadda kuɗinta bai kai na tsayayya ba, ita ce ta tuwon shinkafa da dambu. Asara ce a tuƙa tuwo da mai tsada.

Taliya zancenta gajere ne. Leda ɗaya giram 500 ce, mu tara sai uku, katan mai leda 20 ke nan dare shida da ɗan saura. Da alkama ake yinta, mafi yawan alkamar da kamfanonin ƙasar nan ke sarrafawa kuma daga waje ake shigo da ita, shi ya sa duk motsin da Dala ta yi sai an ji shi a Kasuwar Singa. Ba ta zama a ciki, yaron da ya ci ta da Magariba kafin ya kwanta yana neman ƙari. Abin da take da shi wanda babu mai ƙwace mata shi ne sauri: minti goma zuwa sha biyu ta dahu. Don haka nake ajiye leda shida a sito saboda ranar da na dawo daga unguwa a makare, ko ranar rashin lafiya, ko baƙon dare. In zan dafa ta, da wake nake haɗawa ko in cika ta da kabeji da alayyahu, leda biyu su yi aikin uku. Indomie kuwa, idan aka raba kuɗinta da cikin da take cikawa, ita ce mafi tsada a duk abin da na lissafa. Gidan da ya mayar da ita abincin dare na yara biyar yana kashe kuɗin nama ba tare da ya ci nama ba.

Akwai wasu abinci da ke tsakanin waɗannan ukun waɗanda a ganina su ne asirin gidan da ke son sauyi ba tare da ƙarin kuɗi ba, domin daga buhun hatsin nan dai suke fitowa. Tsakin da ya rage a rariya bayan tankaɗe shi ne dambu, a turara shi da zogale da albasa da gyaɗa. Shi ne kuma fate, da yakuwa da alayyahu da ɗan wake a ciki. Fate shi ne mafi arha a duk abin da na sani, gwangwani huɗu na tsaki suna cika tukunyar da za ta ishe mu, sai dai ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, don haka ba na yin sa ranar da aka yini ana aikin ƙarfi. Ɗan wake kuma ya haɗa abu biyu da ba su cika haɗuwa ba, arha da sauri. In dai garin yana nan a haɗe, wake da alabo ko dawa, sai kuka da ruwan kanwa, kafin rabin awa an sauke, mai da yaji sun gama magana. Yana kuma zama a ciki fiye da komai. Matar da ke tunanin taliya ce kaɗai mafita ranar gajiya, ta niƙa garin ɗan wake ta ajiye ta gani.

Wuta ita ce ke iya juya duk wannan lissafi, kuma a nan ne ya kamata kowa ya dubi gidansa. Tuwon mutum tara, daga tafasar ruwa zuwa talge zuwa tuƙi zuwa sulala, yana cin wajen awa ɗaya, ga miya a gefe. A kan gas wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tukunyar gas mai kilo 12.5 da ke yi mana wata idan shayi da ɗumame da taliya kawai take yi, ba ta kai mako uku idan aka ɗora mata tuwo da wake kullum. Don haka na raba musu aiki. Duk abin da zai daɗe a wuta, tuwo da wake da dambu, na kurfoti ne da gawayi. Hurawa ɗaya tana dafa miya, ta tuƙa tuwo, ragowar garwashin ya ɗumama ruwan wankan yara. Gas na safiya ne da gaggawa. Itace ya fi gawayi arha ga mai tsakar gida, amma hayaƙinsa yana cin ido da ƙirji, duk wadda ta girma a gaban murhu ta san haka. Gawayi kuma kada a kuskura a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi da hunturu, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci.

Wake shi ne ɓarawon wuta. A jiƙa shi tun da hantsi, zuwa La'asar rabin dahuwarsa ta riga ta yi. Kanwa tana saurin nunar da shi amma a sa kaɗan, yawanta yana kashe wani ɓangare na amfanin abincin yana kuma ɓata ciki. Wata dabara ita ce idan ya tafaso ya yi minti goma sha biyar, a sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo, a bar ta awa biyu. Zafin da ke ciki zai ƙarasa aikin.

Duk da son da nake wa tuwo, akwai gidan da ba zan ba shawararsa ba. Ango da amarya su biyu a ɗaki da falo, gas kaɗai gare su, babu tsakar gidan hura gawayi, matar kuma tana dawowa daga aiki ko makaranta bayan La'asar. A irin wannan gida wahalar surfe da niƙa da awa ɗaya a kan gas saboda malmala huɗu ba ta biyan kanta. Gwangwani biyu na shinkafa da ɗaya na wake sun fi musu, ko ɗan wake, tuwo kuma ya zama na Asabar da Lahadi. Arhar tuwo tana fitowa ne da yawan baki. Daga mutum biyar zuwa sama yana fara rinjaye, daga goma kuwa babu abin da ke kama ƙafarsa. Gidan da ke da tsoho mai ciwon sukari shi ma lissafinsa daban, domin farar shinkafa da taliya da tuwon masarar da aka surfe tas duk suna saurin ɗaga sukari. A nan dawa ko alkama ko acca da ba a cire musu dusa ba sun fi, da miyar ganye mai yawa da malmala ƙarama, bisa abin da likitansa ya tsara masa.

Sai kukan da na fi ji daga mata 'yan'uwana: yara ba sa cin tuwo. Nawa ma sun yi wannan yayin. Da na duba sai na ga ba tuwon suke gudu ba, miya ɗaya ce suka gaji da ita, kuka jiya kuka yau kuka gobe. Da na fara juyawa, yau kuɓewa, gobe taushe, jibi zogale da gyaɗa, aka kuma daina kwashe tuwo da gudaji, ƙorafin ya ragu da kansa. Ɗigon man shanu a kan miya yana yin abin da faɗa ba ya yi. Na kuma daina dafa wa wanda ya ƙi ci wani abu daban, domin tukunya biyu a dare ɗaya ita ce babbar ɓarakar cefane.

Babbar ribar tuwo tana wurin saye. Masara da dawa da wake ana iya sayensu da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sabon amfani ya cika kasuwa, a ajiye su kai har damina, lokacin da a yawancin shekaru hatsi ke tsada. Taliya ba ta da kaka. Amma ajiya tana da sharaɗi, ni kuma na koya da asara. Wata shekara na sayi rabin buhun wake na jingine shi a sito a buhunsa na kasuwa, kafin wata uku ƙwari sun mayar da shi gari, na zauna ina tankaɗe ina hawaye don kuɗin adashina ne gaba ɗaya. Yanzu jarka nake zuba shi, wadda aka wanke ta bushe, a cika ta har wuya a toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ko buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Abin da ba zan taɓa yi ba shi ne zuba wa abincin 'ya'yana maganin ƙwari na feshi. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Wake a kasuwa in yana warin magani, a bar shi komai arharsa. Masara kuma sai ta bushe ƙayau kafin a ɗaure, a ɗora buhun a kan katako kada ya taɓa ƙasa. Wadda ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, wanki da dahuwa ba sa cire ta. Haka ma gyaɗa.

Na san ba kowa ke da kuɗin buhu ba, da yawa awon kullum suke yi daga abin da maigida ya samo a ranar. Ko a haka, mata uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi buhu ɗaya su raba, ya fi awon gwangwani a shagon unguwa sauƙi sosai. Ga magidanta kuma ina da roƙo. Wanda ke ajiye kuɗin cefane irin na shekara uku da suka wuce ya kuma sa ran shinkafa da miya da nama, ya daure ya raka matarsa kasuwa sau ɗaya. Nawa maigidan ranar da ya je Yankaba da kansa a watan Yuni ya dawo ya ce, "Ashe haka kike fama?" Daga ranar shi ke tuna mini lokacin shanya tumatir.

Inda ban yarda a yi tsimi ba shi ne abin da ke gina jikin yara. A rage nama, a rage shinkafa, amma kada a rage wake da gyaɗa da ganye da ɗan mai. Tuwo da miyar da ba ta da komai sai gishiri da dunƙule yana cika ciki ne kawai, yaro yana ƙoshi yana ramewa. Waken suya ya fi kowane irin wake abin gina jiki, kwano ɗaya yana yin awarar da za a soya a jefa a miya ta tsaya a madadin nama har kwana biyu, ko a soya shi sama-sama a niƙa cokali kaɗan cikin garin kunun yara. Manja kuma yana da sinadarin da ke taimakon ido, kada a bar shi ya ƙone har ya yi fari kafin a zuba kayan miya.

Yadda makonmu ke tafiya yanzu, dare huɗu tuwo ne da miya daban-daban, dare ɗaya garau-garau, dare ɗaya ɗan wake ko dambu ko fate gwargwadon lokacin shekara. Juma'a ce ranar shinkafa da miya da nama, yara suna ɗokinta tun Laraba. Taliya ba ta da rana, tana jiran larura. Idan adashina ya fito a Nuwamba, buhun masara nake fara saye, sai rabin buhun dawa, sai wake kwano goma a jarka, sai daddawa da kuka da kuɓewa na wata shida. Abin da ya saura nake kai wa mai shinkafa, in ajiye kaɗan a gefe saboda kwandon tumatirin da zan yanka in shanya idan Fabrairu ta zo.